Kailani da Ingarman da Hadari Ke Bi

Masu riwaya sun ce a wani zamani mai nisa, lokacin da mutane da aljanu ke aika wa juna manzanni kamar yadda maƙwabta ke yi, an yi wani sarki a birnin Tsamiya Tara ana kiransa Nagoma, mai yawan dakaru da dawaki, wanda Allah ya ba 'ya'ya maza biyu. Babban shi ne Sharubutu, ƙaƙƙarfan mutum mai faɗin ƙirji, wanda ba a taɓa kawo masa doki mai tutsu ya kwana uku bai durƙusar da shi ba, da bulala da ƙaimi da linzami mai nauyi wanda ke fasa bakin dabba. Ƙaramin shi ne Kailani, wanda tun yana ƙarami aka kai shi goyo wurin kawunsa, wani makiyayin dawaki a bakin tafki, ya shekara goma sha biyu a can. Ranar da ya dawo fada, ya zo ne bisa wata goɗiya gunya mai launi fari-fari, babu ƙarfe a bakinta, babu ƙaimi a dugadugansa, sai ragamar rama mai laushi da aka zagaya mata a hanci. Fadawa suka yi masa dariya a ɓoye, suka ce an mayar da ɗan sarki makiyayi.

Ana nan sai ruwan sama ya ɗauke shekara uku a jere. Rijiyoyi suka ƙafe, abincin rumbuna ya ƙare, manoma suka cinye irin shukarsu. A shekara ta biyu wani manzon aljanu ya sauka a ƙofar fada da hantsi, tsawonsa ya kai na giginya, ya gai da sarki, ya ce ubangijinsa Sarki Shamhuzu na Dutsen Zumurrudu ne ya aiko shi zuwa ga sarakunan mutane. Ya bayyana cewa akwai wani ingarma akawal, baƙi ƙirin, a ƙasarsu mai suna Baƙin Gabas, wanda hadari ke bi duk inda ya yi sukuwa, kuma kowace shekara wani tsohon aljani ke hawansa daga gabas zuwa yamma, damina ta sauka a bayansu. Tsohon ya mutu, ingarman ya ƙi kowa. Duk wanda ya hau shi, in ji manzon, za a aura masa 'yar Sarki Shamhuzu. Wanda kuwa ya zubar da jininsa bai hau ba, za a tsare shi har ranar da aka yi ruwa.

Sharubutu ya tafi da bulalarsa, bai dawo ba. Da shekara ta zagayo, Kailani ya faɗi gaban mahaifinsa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a yi mini izini in bi sawun yayana."

Sarki ya dube shi ya ce, "Wanda ya fi ka ƙarfi ya tafi, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Da me za ka kama dokin aljanu?"

Kailani ya ce, "Ba kama shi zan yi ba, Baba. Zan je in ga abin da ke damunsa."

Sarki ya sa masa albarka. Ya so ya haɗa shi da mahaya dubu, Kailani ya ce ruwan da zai ishi dubu babu shi a hanya, ya fita shi kaɗai da goɗiyarsa da salka biyu.

Hamadar Gishiri

Tsakanin ƙasar mutane da ta aljanu akwai wata hamada fara fat, wadda ƙasarta gishiri ce, babu itace, babu inuwa, sai ƙasusuwan dawakin waɗanda suka riga shi wucewa, da yawansu linzami na maƙale a muƙamuƙinsu. Kailani ya yi kwana takwas yana tafiya a cikinta. Idan rana ta take sai ya sauka ya tafi a ƙasa don ya rage wa goɗiyar nauyi, kuma duk ruwan da ya sha sai ya zuba mata ninkinsa a cikin ƙwarya. A rana ta tara salkunan suka bushe.

Hanya ta miƙe gabas, amma goɗiyar ta tsaya, ta buɗe hanci, ta juya kunnuwa arewa. Ya taɓa ta da gwiwa, ta yi taku biyu, ta sake tsayawa. Da mahayi mai linzami ne, da ya fizge kanta ya mayar da ita hanya, kamar yadda masu ƙasusuwan nan suka yi. Kailani ya saki ragamar a wuyanta ya ce, "To, kai mu." Ta tafi da shi arewa tun daga hantsi har la'asar, har suka isa wani kwari mai baƙar ƙasa, ta shiga tono da kofato. Ya sauka ya taya ta da hannuwa, kafin rana ta yi ja ruwa ya tsattsafo. Suka sha, ya cika salkunansa, suka kwana biyu a wurin har ƙarfinta ya dawo.

Birnin Ƙarfe

Bayan hamada suka isa wani birni wanda ganuwarsa ƙarfe ce, ƙofofinsa ƙarfe, har itatuwan cikinsa na ƙarfe ne masu ganyen tagulla da ke ƙara idan iska ta kaɗa. Ya ga zakuna na ƙarfe suna gadin rijiyoyin narkakkiyar dalma, da tsuntsaye marasa gashi suna hura wutar maƙera da fikafikansu, da guduma ɗari suna dukan uwar maƙera ba tare da hannun kowa ba. Mai birnin wani boka ne ana ce masa Ƙuruzu, siririn tsoho mai jajayen idanu, wanda ya fito da kansa ya tarbe shi, ya shimfiɗa masa darduma, ya sa aka kawo wani linzami a kan faifan azurfa. Linzamin yana da sarƙa bakwai da haƙora kamar na zarto, an zana ɗalasimai a jikinsa.

Boka ya ce, "Ya kai ɗan Nagoma, na san inda ka nufa. Jarumai casa'in da tara sun bi ta nan, kowannensu na ba shi irin wannan kyauta, har da yayanka. Karɓi naka, domin dabba ba ta san komai ba sai zafi, kuma wanda ya mallaki bakinta ya mallaki ƙafafunta."

Kailani ya ce, "Na gode da karamci. Amma casa'in da tara sun karɓa, ko ɗaya bai dawo ba. Ni ban taɓa sa ƙarfe a bakin doki ba, ba kuma zan fara da na Sarki Shamhuzu ba."

Fuskar boka ta sauya. Ya ce, "To, bari in gaya maka gaskiya, tunda ba za ka fita da ita ba. Ƙarfe wuta ne ga duk abin da ke jinsin aljanu. Kowane linzamina da ya shiga bakin Baƙin Gabas yana cin wani yanki na zuciyarsa, kuma ranar da na ɗari ya shiga, zai zo ya durƙusa a wannan ƙofa, ruwan sama ya zama nawa, in ba wanda ya yi mini sujada, in hana wanda ya ƙi. Kai ne na ɗari. Ko ka ɗauka, ko ka mutu a nan."

Ya tafa hannu, ƙofofi suka rufe, dawaki arba'in suka fito fili, bisa kowanne akwai mutum-mutumin tagulla riƙe da mashi. Kailani ya hau goɗiyarsa. Ya lura cewa dawakin na jini da tsoka ne, idanunsu sun firfito, kumfa mai jini na zuba daga bakinsu, kuma duk motsin mahayan daga linzamin yake fitowa. Sai ya bar takobinsa a kube, ya zare 'yar wuƙa. Da yake hannuwansa biyu a sake suke, goɗiyar kuma tana juyawa da matsin gwiwa da karkatar jikinsa kawai, sai ya riƙa kauce wa masu, ya jera da doki, ya sunkuya ya yanke igiyar linzamin a bayan kunne. Linzami na faɗuwa, sai dokin ya tsaya cak, mahayin tagulla ya rikito kamar tulu. Haka ya yi ta yi tun daga hantsi har azahar. Mashi ɗaya ya same shi a cinya, wani ya yage masa kafaɗa, amma ya gama da arba'in ɗin. Dawakin da aka kwance suka taru a bayan goɗiyar, suka doki ƙofa da ƙirazansu har ta ɓalle. Boka ya haye wata ungulu ta ƙarfe ya tashi sama, yana cewa da hannunsa zai sa wa Baƙin Gabas linzami na ɗarin.

Dutsen Zumurrudu

Kailani ya ɗaure raunukansa, ya sallami dawakin a wata fadama mai ciyawa, ya ci gaba har ya isa ƙasar aljanu, inda duwatsu kore ne masu ɗaukar ido, gidaje a rataye suke tsakanin ƙasa da sama, fitilu na lu'ulu'u na tafiya da kansu, kuma babu ko allura ta ƙarfe a cikin birnin. Ya ajiye takobinsa da wuƙarsa a bakin iyaka kafin a ce masa ya ajiye. Aka kai shi gaban Sarki Shamhuzu, wanda ke zaune bisa karagar yaƙutu, gemunsa fari har gwiwa. Kailani ya gaya masa abin da boka ya faɗa.

Sarkin ya ce, "Ya kai ɗan Adam, mu ba ma iya taɓa ƙarfe, sai muka zaci da shi kuke mallakar dawaki, shi ya sa muka kira ku. Tsohon da ke hawan Baƙin Gabas shi kaɗai yake fita, ba wanda ya san yadda yake yi. Ashe da hannunmu muke kai shi ga halaka. Yanzu kwana ashirin suka rage lokacin damina ya wuce. Me kake bukata?"

Kailani ya ce, "Ranka ya daɗe, man shanu da zuma, da harawa mai kyau, da kanwa. Kuma kada kowa ya matso kusa da shi, kada a tambaye ni yaushe."

Kafin ya tafi wurin dokin aka bar shi ya ga yayansa a cikin tsararru. Sharubutu ya rame, hannunsa na dama ya karye ya ɗoru a karkace. Ya ce, "Ƙanena, koma gida. Na yi masa abin da nake yi wa kowane doki, ya ɗaga ni ya maka da dutse. Wannan ba ya horuwa." Kailani ya ce, "Yaya, ka yi mini addu'a kawai."

Baƙin Gabas yana cikin wani kwari da aka kewaye da katangar dutse. Girmansa ya kai doki biyu, gezarsa ta cukurkuɗe, gefen bakinsa duk gyambo ne, yana zagaye kwarin ba ya tsayawa. Wadda ke ciyar da shi ita ce Gimbiya Rumasa'u, 'yar Sarki Shamhuzu, wadda mahaifiyarta mutum ce. Tana tura masa abinci da doguwar gora daga kan katanga, domin ba ya barin kowa ya shiga. Ta dubi Kailani ta ce, "Ina bulalarka, ya ɗan sarki?" Ya ce ba shi da ita. Ta ce, "To, kai ne na farko da zan so ya fita da rai."

Kwana uku na farko Kailani bai yi komai ba sai zama a bakin kwarin, gefensa ga dokin, ba ya kallonsa ido cikin ido, yana gyaran igiya yana 'yar magana ƙasa-ƙasa. A rana ta huɗu ya shiga ciki ya zauna. Ingarman ya taso masa a guje, kunnuwa a kwance, ya tsaya taku biyar daga gare shi yana dukan ƙasa. Kailani bai motsa ba. Daga nan ya fara matsawa da kaɗan-kaɗan: idan ya yi taku ɗaya ya ga wuyan dokin ya sandare, sai ya koma baya taku biyu, ya jira har ya sauke kai ya fara lasar leɓe, sa'an nan ya sake matsowa. A rana ta bakwai dokin ya zo da kansa ya shinshina bayansa. A ta takwas ya ci kanwa a tafin hannunsa. A ta tara ya yarda aka shafa masa man shanu da zuma a gyambon bakinsa, jikinsa na rawa, amma bai ja da baya ba.

A rana ta goma sha ɗaya Kailani ya ƙirga kwanakin da suka rage, ya tuna da mutanen Tsamiya Tara, sai gaggawa ta kama shi. Ya ɗauko ragama ya nufi kan dokin da ita kai tsaye. Baƙin Gabas na ganin hannu da igiya sun nufo bakinsa, sai ya juya ya harbe shi a haƙarƙari, ya jefar da shi jikin katanga.

Rumasa'u ta sauko ta ja shi waje, ta ɗaure masa ƙirji da mayafinta. Ta ce, "Zan gaya wa mahaifina ba ka zubar da jinin dokin ba. Kana iya tafiya."

Kailani ya ce, "Gimbiya, laifina ne. Ya gaya mini bai shirya ba, na gani, na ƙi ji. Gobe zan koma farko."

Ta ce, "Kwana tara suka rage."

Ya ce, "Na sani. Shi bai sani ba, kuma ba ruwansa da ƙirgena."

Washegari ya koma bakin kwarin ya zauna kamar ranar farko, ragamar kuwa ya jefar da ita. Wannan karon kwana biyu kawai dokin ya yi ya dawo gare shi. Ya tsefe masa geza da yatsu, ya shafa wuyansa da kafaɗarsa da bayansa, ya koya masa matsawa gefe idan an danna masa haƙarƙari da tafin hannu, yana sakin matsin da zarar ya motsa. Rumasa'u ta kawo wani zaren auduga mai kauri, aka rataya masa a gindin wuya, nesa da baki, don mahayi ya sami abin riƙewa. A rana ta goma sha bakwai Kailani ya hau dutse ya kwantar da ƙirjinsa a gadon bayan dokin, ya sauka, ya sake, har sau talatin. A ta goma sha tara ya ɗora ƙafa ya zauna, babu sirdi. Dokin ya tsaya, ya juyo da kai ya shinshina ƙafarsa, sa'an nan ya yi tafiya taku goma ya tsaya. Kailani ya sauka nan take, ya bar shi ya huta.

Sukuwar Damina

Da safiyar rana ta ashirin aka buɗe kwarin, aljanu suka cika duwatsu suna kallo. Kailani ya hau, ya karkata jikinsa yamma, ya saki numfashi, Baƙin Gabas ya fara tafiya, ya koma sassarfa, ya zarce da sukuwa, har kofatansa suka bar ƙasa. Daga bayansu gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta taso, hadari ya haɗu ya biyo su kamar garke.

Suna kan Hamadar Gishiri sai ga boka Ƙuruzu bisa ungulunsa, yana kaɗa linzami na ɗari a kan doguwar sarƙa don ya jefa shi a bakin dokin. Ingarman ya ji warin ƙarfe, jikinsa ya ɗauki rawa, ya nemi ya juya ya koma. Kailani ba shi da abin da zai tilasta shi da shi, bai kuma nema ba. Ya kwanta a wuyansa, ya ɗora tafin hannu inda ya saba shafawa, ya yi masa magana da muryar da ya saba ji a kwari. Dokin ya juyo da kunne ɗaya baya yana saurare. Boka ya jefa sarƙa, Kailani ya danna gwiwar hagu, dokin ya goce dama. Ya sake jefawa, suka goce hagu. A karo na uku Kailani ya zauna da nauyinsa baya, Baƙin Gabas ya tsaya cak a sararin sama, ungulun ta wuce su da gudu, hadarin da ke biye ya cim musu ya rufe su duka. Ƙarfen ungulun da sarƙar da ke hannun boka suka jawo aradu, ta faɗa wa boka da ungulunsa, suka zube cikin gishiri a ƙone.

Kailani da ingarman suka ci gaba yamma, ruwa na sauka a bayansu a kan kowace ƙasa, har suka bi ta kan Tsamiya Tara, inda mutane suka fito da tukwane da ƙoruka, tsofaffi suna tsaye cikin ruwa suna kuka.

Da suka koma Dutsen Zumurrudu, Sarki Shamhuzu ya saki tsararru casa'in da tara, ya tambayi 'yarsa ko ta yarda da alkawarin da ya yi. Ta ce ta yarda tun ranar da ta ga mutumin ya koma bakin kwari da karyayyen haƙarƙari ya zauna. Aka ɗaura aure, aka yi kwana bakwai ana biki, aka raka su gida da raƙuma ɗari ɗauke da irin shuka. Da suka isa, Sharubutu ya faɗi gaban mahaifinsu a bainar fadawa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ne babba, amma na ga yadda nake riƙo, na ga yadda yake riƙo. A ba shi sarauta." Sarki Nagoma, wanda tsufa ya riga ya kama, ya sa aka naɗa Kailani a ranar.

Baƙin Gabas bai zauna a barga ba, ba a kuma taɓa ɗaure shi a turke ba. Kowace shekara idan bazara ta ƙare yakan sauko wani fili a gabas da birni, sarki ya fita shi kaɗai ya hau. Wata shekara dokin ya yi jinkiri kwana tara, zafi ya tsananta, fadawa suka taru suka roƙi sarki ya aika wa surukinsa a kamo dokin a kawo. Sarki Kailani ya ce ba za a kamo shi ba. Ya sa aka kai masa tabarma filin, ya zauna, gefensa ga gabas, yana sauraron ƙararrakin talakawa a nan. A rana ta goma da hantsi, yana cikin raba gardamar wata gona, sai ya ji numfashi mai ɗumi a bayan wuyansa. Ya ƙarasa hukuncin, ya sallami masu ƙara, sa'an nan ya tashi ya hau. Iyakar abin da masu riwaya suka kawo ke nan.